Pulla, ƙauyen masu gasa tubali: yadda sana'arsu ta tashi da yadda ta faɗi

Labarinmu na wannan wata daga nesa ya fito, daga ƙasashen Turai. Labarin wasu talakawa ne masu ƙananan gonaki. Noma kaɗai ba ya kai su shekara, sai sun haɗa da wata sana'a. Sana'ar tasu ita ce gasa tubali. Ta riƙe su fiye da shekara 100, daga baya ta mutu a hannunsu. Abin mamaki, yumɓun da suke haƙa bai ƙare ba, yana nan ƙarƙashin gonakinsu har yanzu. To, me ya kashe sana'ar? Ku biyo mu sannu a hankali ku ji.

INA ƘAUYEN YAKE?

Irland tsibiri ce, watau ƙasa wadda teku ya kewaye ta ko'ina. Tana yamma da Ingila. Babban birninta Dublin, a bakin teku wajen gabas. Turawan Ingila sun mallaki ƙasar shekaru masu yawa, sai a 1922 mafi yawanta ya samu mulkin kai. Ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama. Babu watan da ruwa ba ya sauka. Ciyawa kore take shekara duka, shi ya sa mutanen can suke kiwon shanu da tumaki sosai.

A tsakiyar ƙasar akwai wani lardi mai suna Ofali. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai manyan fadamu. Cikin fadamun nan ƙauyen yake. A takarda ana rubuta sunansa Pollagh, a baki kuwa ana cewa Pulla. A harshen mutanen ƙasar, ma'anar sunan ita ce wuri mai ramuka da yawa. Babban garin lardin shi ne Tulamor, ba shi da nisa da Pulla. Daga Pulla zuwa Dublin kuwa ya fi kilometir 100.

A shekarun 1800 yawancin manoman Irland ba su da ƙasa tasu. Ƙasa ta manyan masu dukiya ce. Manomi haya yake biya kowace shekara, da tsabar kuɗi. Wanda ya kasa biya, ana iya korarsa daga gona da gida. Saboda haka duk sana'ar da za ta kawo kuɗi a hannu, ba abin wasa ba ce gare su.

DUWATSUN MURHU UKU

Tukunya ba ta zama kan murhu sai da duwatsu uku. Sana'ar Pulla ma kan abu uku ta zauna.

Na farko yumɓu. In an ɗauke ƙasar sama a wajen Pulla, sai a tarar da yumɓu mai laushi, launinsa tsakanin shuɗi da toka. In ya sha wuta sai ya koma rawaya. Dalili shi ne akwai farar ƙasa a cikinsa. Yumɓun da ke da ƙarfe da yawa shi ke fitowa ja daga wuta, kamar tukwanenmu. Don haka ko daga nesa ana gane tubalin Pulla da launinsa.

Na biyu makamashi. Itace ya yi ƙaranci a Irland a zamanin, don an sare dazuzzuka tun da daɗewa. Amma Allah ya ba su wani abu a fadama. Ciyawa da gansakuka suna mutuwa cikin ruwa, ba su ruɓewa duka, suna taruwa bisa juna shekara da shekaru har su zama baƙar ƙasa mai kauri. Taruwar tana da jinkiri ƙwarai: sai an yi wajen shekara 1000 kafin kaurinta ya kai metir ɗaya. Ana yanka ƙasar nan gunduwa gunduwa da wani irin shebur, a shanya ta, in ta bushe ta ci wuta kamar busasshen kashin shanu. Mu kira ta gawayin fadama. Da shi suke dafa abinci, da shi suke jin ɗumi, da shi kuma suke gasa tubali.

Na uku hanya. Tubali kaya ne mai nauyi, kuɗinsa kuwa kaɗan. In hanya ta yi nisa, kuɗin ɗauka ya cinye riba. Tun wajen 1756 aka soma haƙa wani babban kanal daga Dublin zuwa yamma. Ba irin kanal na ban ruwan lambu ba, wannan mai faɗi ne, jirgin ruwa yana bi. Da hannu aka haƙa shi. Ya iso Tulamor a 1798, ya ratsa ta Pulla, aka buɗe shi har kogin Shanon a 1804. Tsawonsa wajen kilometir 130. Jiragen ba su da inji. Doki ne ke tafiya a gefen kanal yana jan jirgi da doguwar igiya.

Mu yi lissafi tare. Tubali ɗaya ya kai kilo 3. Amalanken doki yana ɗaukar wajen tan ɗaya, watau tubali 330 ke nan. Jirgin kanal kuwa yana ɗaukar tan 40 ko fiye, watau tubali 13,000 da ɗoriya. Kayan da zai so amalanke 40 da dawaki 40, doki ɗaya ko biyu ke jan shi a kan ruwa. Kun ga abin da kanal ya yi wa Pulla. Jiya tana ƙuryar fadama, yau ga ta a bakin hanyar birni.

Duwatsu uku sun samu, saura wuta. Wutar ita ce kasuwa. Dublin tana ta girma, kuma mafi yawan gidajenta da gasasshen tubali ake gina su. A farkon shekarun 1770 an kafa doka wadda ta hana gasa tubali kusa da birnin, saboda hayaƙi yana cutar mutane. Dole magina su nemi tubali daga waje. Da kanal ya buɗe, ƙauyukan bakinsa suka samu mai saye.

YADDA AKE AIKIN

Mu nan da rani muke buga tubali, rana ta busar mana da shi cikin ƴan kwanaki. Can Irland rana ba ta da wannan ƙarfi, kuma ɗanyen tubali ba ya jure ruwan ƙasar. Sai an gasa shi ya zama kamar dutse.

Aikin yana bin watannin shekara. Da sanyi ya kama, wajen watan Nuwamba, maza su haƙo yumɓu su tara shi tsibi tsibi a fili. A bar shi nan ruwa ya dake shi, ƙanƙara ta farfasa shi, har ya yi laushi. Wajen watan Afrilu, in sanyi ya sauka, sai a jiƙa shi, a juya, a tattake har ya kwaɓu. Ana tsince duwatsu da hannu. Wannan tsinta tana da muhimmanci. In ɗan dutsen farar ƙasa ya shiga tubali ya sha wuta, ran da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya fasa tubalin.

Daga nan sai gwani ya tsaya gaban teburi da ɗan akwatin katako. Ya barbaɗa rairayi ko ya jiƙa akwatin don kada yumɓu ya manne. Ya ɗebi curi ya maka ciki da ƙarfi, ya share saman da sanda. Tubali ɗaya ya samu: tsawo wajen santimetir 23, faɗi 11, kauri 7. Gwanin da ya ƙware, in yana da mataimaka, yakan buga dubu biyu, dubu uku ko fiye a yini.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin na gida duka ne. Wani ya kawo yumɓu, yara su ɗauki ɗanyen tubali da gudu su kai fili su kife, mata su riƙa juya shi don ya bushe ta kowane gefe. In ya ɗan yi ƙarfi a jera shi layi layi, a bar ƙofofin iska, a rufe samansa da ciyawa. Idon kowa yana sama. In hadari ya taso ba a rufe ba, wahalar mako guda ta koma laka.

In tubali ya bushe sai a gina matoya. Da ɗanyen tubalin kansa ake gina ta, dubbai bisa dubbai, kamar babban ɗaki marar ƙofa. A ƙasa ana barin ramuka masu tsawo inda za a zuba gawayin fadama. A shafe bayanta da laka, a kunna wuta. Da fari wuta kaɗan, don sauran danshi ya fita. In an gaggauta, tubali ya tsattsage. Sa'an nan a ƙara wuta, dare da rana, kwanaki da dama, ba barci. Bayan haka a toshe ramukan, a jira wasu kwanaki ta huce.

Ran buɗe matoya ake sanin abin da shekara ta bayar. Wuta ba ta kai ko'ina daidai. Tubalin da ke kusa da ita yakan ƙone ya karkace. Na gefe yakan fito da laushi, bai gasu sosai ba. Na tsakiya shi ne mai kyau. Sai a ware kowane iri, kowane da kuɗinsa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

ZAMANIN CINIKI

Cikin shekarun 1800 wuraren gasa tubali a Pulla da kewayenta sun fi goma. Ba na kamfani ba ne, na gidaje ne, kowane gida da ramin yumɓunsa da filin shanyarsa. Ana loda tubali cikin jirgi da hannu, ya tafi Tulamor da sauran garuruwan bakin kanal, har Dublin. A garuruwan da ake gini da dutse, da tubalin nan ake yin bakin ƙofa da bakin taga da bututun hayaƙi. A birni kuma ana sa shi a bangon ciki, inda za a shafe shi ido ba ya gani. Tubali ne mai araha, araharsa ce ƙarfinsa.

Kuɗin tubali ya biya hayar gona, ya sayi saniya, ya sa yara sutura. Masu yankan gawayin fadama sun samu, masu jirage sun samu, masu dawaki sun samu.

Daga 1845 babbar yunwa ta faɗa wa Irland. Wata cuta ce ta ruɓar da dankalin Turawa a gona shekaru a jere, shi ne kuwa abincin talaka. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka yi gudun hijira, yawancinsu zuwa Amurka da Ingila. A 1841 mutanen ƙasar sun fi miliyan 8. A 1911 ba su kai miliyan 4 da rabi ba. Ƙauyuka sun ragu, masu gina sabon gida a karkara sun ragu. Duk da haka sana'ar tubali ba ta mutu a lokacin ba, don birni bai daina gini ba.

Shaidar wancan zamani tana tsaye a Pulla har yau. A 1907 mutanen ƙauyen suka gina majami'arsu a bakin kanal, da tubalinsu rawaya.

ABIN DA YA KARYA KASUWA

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu ne suka taru a kan Pulla, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, jirgin ƙasa. Ya iso Tulamor a 1854. Pulla ba a yi mata tasha ba. Da, wanda ke bakin kanal shi kaɗai ke iya kai kaya mai nauyi birni da araha. Yanzu duk wanda ke kusa da tashar jirgin ƙasa yana iyawa, kuma ya riga jirgin doki isa. Ga kuma jiragen teku suna sauke tubalin Ingila a Dublin.

Na biyu, inji. Masu kuɗi suka kafa manyan ma'aikatun tubali, kamar ta garin Atai da ta garin Kinskot. A can inji ke niƙa yumɓu, ya matse shi, ya fito da shi dogo, a yanka da waya. A 1858 kuma wani Bajamushe mai suna Hofman ya fito da sabuwar matoya. Ɗakuna ne da yawa a kewaye, kamar zobe. Wuta tana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki ba ta mutuwa. Zafin da ya fita daga wannan ɗaki shi ke ɗumama tubalin ɗaki na gaba. Ana cika wani ɗaki, ana kwashe wani, shekara duka, ruwa ko sanyi. Makamashi kaɗan take ci, kuma gawayin dutse ake sa mata.

Kun tuna maganar buɗe matoya? Tubalin hannu wani babba, wani ƙarami, wani ƙonanne, wani mai laushi. Na inji kuwa duk kansu ɗaya, kamar an haife su rana ɗaya. Magini ya fi sauri da shi, bango ya fi miƙewa. Masu zanen gini da ƴan kwangila suka soma cewa shi suke so. Tubalin Pulla bai lalace ba, yadda yake jiya haka yake yau. Idon mai saye ne ya ga wani abu.

Na uku, siminti. Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, da yaƙe-yaƙen da aka yi cikin Irland kanta daga 1919 zuwa 1923, sun rage gini ƙwarai. Da gini ya farfaɗo, sai ga tubalin siminti. Ba ya son matoya, ba ya son makamashi, ba ya jiran watan Afrilu. Rairayi da tsakuwa da ruwa da buhun siminti, shi ke nan. Guda ɗaya yana tare wurin ƙananan tubala da yawa. A 1938 aka buɗe ma'aikatun siminti biyu a ƙasar, ɗaya a Dorohada, ɗaya a Limarik. Daga nan gidajen karkara da na birni suka koma siminti. Wannan guguwa ba ƙananan masu sana'a kaɗai ta kayar ba. Ita ma babbar ma'aikatar Atai, mai inji, rufewa ta yi.

Na huɗu, kamyo. Hanyoyin mota suka gyaru, kamyo yana kai kaya har ƙofar gida. Ko da aka sa wa jiragen kanal inji daga 1911, ba su iya tsere da shi ba. A 1960 jirgin kaya na ƙarshe ya bi kanal. Kafin wannan rana, matoyun Pulla sun riga sun mutu, yau wannan gida ya bari, gobe wancan. Ramukan yumɓu suka cika da ruwa da ciyawa.

BAYAN TUBALI

Mutanen Pulla ba su watse duka ba. Fadama ta sake ba su abinci. A 1946 gwamnatin Irland ta kafa hukumar gawayin fadama mai suna Bord na Móna. Ta kawo manyan injuna, ta ɗauki ma'aikata da yawa a lardin Ofali. A 1957 aka buɗe tashar lantarki kusa da garin Farban, maƙwabcin Pulla, wadda ke ƙona gawayin fadama. Ƴaƴan masu tubali da jikokinsu suka zama masu albashi.

Wannan ma ya yi zamaninsa ya wuce. An rufe tashar Farban a 2001. A 2021 hukumar ta sanar ta daina yankan gawayin fadama gaba ɗaya. Hayaƙinsa yana ƙara ɗumamar duniya, yankan kuma yana kashe fadamu. Wani sashe na fadamar da aka yanke kusa da Pulla an mayar masa da ruwa, ya zama tafki, tsuntsaye suna sauka, baƙi suna zuwa kallo. Kanal yana nan, amma jiragen shaƙatawa ke bi, mutane kuma suna yawo da ƙafa da keke a hanyar da dawaki suka bi da. Sau biyu ke nan ƙauye ɗaya ya ga sana'ar da ya dogara da ita ta tashi.

Jikokin masu tubali sun kafa ƙungiya. Sun zauna da tsofaffi, sun tambaye su yadda ake aikin da inda ramuka suke, aka rubuta cikin littafi don kada sanin ya bi tsofaffi kabari.

ABIN LURA

Ƴan'uwa, mutanen Pulla ba ragwaye ba ne. Sun iya aikinsu, yumɓu bai yaudare su ba, fadama ba ta ƙafe ba, kanal bai bushe ba. Duwatsun murhu uku suna nan, wuta ce aka ɗauke aka kai wani murhu. Mai saye yana birni, nesa da su. Shi ya ga jirgin ƙasa, shi ya ga tubalin inji, shi ya ga siminti. Ran da ya juya baya bai yi sallama da kowa ba.

Mu ma mun san irin wannan. Dattawan Maraɗi da Damagaram suna tuna zamanin da gyaɗa ke cika kasuwa, da yadda cinikinta ya faɗi a shekarun 1970. Masu buga tubalin ƙasa a bakin tabki kuma suna ganin buhunan siminti suna shigowa garuruwa.

Saboda haka duk mai sana'ar da ta dogara da mai saye na nesa, ya kamata ya riƙa yi wa kansa tambaya uku. Wa ke sayen kayana, kuma me ya sa yake saye wurina? Ta wace hanya kayana ke isa gare shi, kuma wa zai iya riga ni? In gobe ya samu wanda ya fi nawa araha ko kyau, me zan ci? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tattauna tambayoyin nan a dandali da wurin taron ƙungiyarku tun kasuwa tana ci.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa wa sana'ar kowa albarka. Sai wata mai zuwa.